Haƙori Ma Jari Ne: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Miƙa Bakinsa

Duk wanda ya saba cin kasuwannin bakin iyaka, tun daga Ƙonni da Illela har zuwa Ɗan Isa da Jibiya ko Magarya da Mai'aduwa, ya sha ganin irin wannan mutum: ɗan kasuwa zaune a rumfarsa, ya naɗe haɓa da rawani, kunci ɗaya ya kumbura, mai saye na taya kaya shi kuwa sai amsawa yake da ka don buɗe baki ya gagara. Idan ka yi masa sannu sai ya ce haƙori ne, ya sha ƙwaya, zai faɗa. Bayan kasuwa biyu ko uku sai ka same shi durƙushe gaban mai cire haƙori na bakin tasha. Daga nan giɓi ya samu, kuma sau da yawa ba na ƙarshe ba ne.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa kusan mutane biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da na haƙori a duniya. Inda tamu ta fi tsanani shi ne ƙarancin ma'aikata, domin ƙididdigar hukumar ta nuna likitocin haƙori a yankin Afirka ba su wuce kamar 3 ga kowane mutum 100,000 ba, kuma galibinsu suna manyan birane. Ke nan ganin likitan haƙori a wurinmu tafiya ce ta musamman, da kuɗin mota da ranar kasuwa da za a rasa. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana wa masu karatu yadda haƙori yake, da sunayen sassansa, da ayyukan da likita ke yi masa, don wanda ya yi wannan tafiya ya san abin da zai faɗa da abin da zai tambaya.

Haƙora nawa ne, kuma me ake kiransu?

Ɗan Adam na yin haƙora zubi biyu a rayuwarsa. Zubin farko su ne haƙoran nono, guda 20, waɗanda ke fara tsirowa yaro na da wata 6 ko kusa da haka, su cika kafin ya kai shekara 3. Daga shekara 6 sai a fara famfara, haƙoran girma su riƙa maye gurbinsu har wajen shekara 12. Haƙoran girma idan sun cika 32 ne, 16 a sama 16 a ƙasa, kuma babu zubi na uku.

A cikin 32 ɗin nan akwai haƙoran gaba 8, masu kaifi kamar kurfi, aikinsu gatsa. Kusa da su akwai fiƙoƙi 4 masu tsini, na yagar nama, kuma su ne suka fi kowane haƙori doguwar saiwa. Bayansu sai ƙananan turame 8, sannan manyan turame 12 da ke niƙa abinci. Huɗu na can ƙurya cikin manyan turamen su ne Turawa ke kira haƙoran hankali, saboda ba sa fitowa sai tsakanin shekara 17 zuwa 25, wasu mutanen ma ba sa yin su sam. A wajen Gobir da Adar da Sakkwato za ku ji ana ce wa haƙori haure, duk abu ɗaya ne. Naman da ya rungume haƙora shi ne dasashi, ƙashin da suke kafe a ciki kuwa muƙamuƙi.

Akwai wani turmi da ya kamata iyaye su lura da shi. Shi ne babban turmi na farko, wanda ke fitowa yaro na da shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa kan ɗauka na nono ne, idan ya yi rami su ce a bar shi ai zai fita wani ya tsiro. To ba zai tsiro ba, haƙorin girma ne, kuma yana cikin waɗanda aka fi saurin rasawa.

Idan likita ya rubuta lamba kamar 36 ko 11 a takardarku, ba kuɗi ba ne, sunan haƙorin ne. An raba baki gida huɗu: 1 sama dama, 2 sama hagu, 3 ƙasa hagu, 4 ƙasa dama. Lamba ta biyu kuma tana ƙirga haƙori daga tsakiyar baki zuwa ƙurya, daga 1 zuwa 8. Saboda haka 36 na nufin haƙori na 6 a ƙasa hagu, wato babban turmin da muka ambata. Wannan tsari ya yaɗu a ƙasashe masu Faransanci da masu Ingilishi, don haka wanda aka fara masa aiki a Maraɗi zai iya nuna takardarsa a Katsina a gane haƙorin da ake nufi.

Abin da ke cikin haƙori

Abin da muke gani idan mutum ya yi murmushi kan haƙori ne kawai. Sauran, wanda ya fi kan tsawo, saiwa ce da ke binne cikin ƙashi. Haƙoran gaba saiwa ɗaya suke da ita, manyan turamen ƙasa yawanci biyu, na sama uku. Wannan ne ya sa cire turmi ba wasa ba ne.

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawo, wanda likitoci ke kira inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. To sai dai ba shi da jijiya, ba ya jin zafi, kuma idan ya ɓurme ba ya sake tohowa kamar fata ko farce. Ƙarƙashinsa akwai jikin haƙori, wato dantin, mai launin ruwan ƙwai, wanda bai kai ɓawon tauri ba, kuma cike yake da ƴan ƙananan kafofi da ke kaiwa ciki. A tsakiya sai ɓargon haƙori, wani ɗan nama mai laushi da ke ɗauke da jijiyoyin jini da jijiyar jin zafi, wanda ya bi ta cikin saiwa har ya haɗu da sauran jiki. Ita kuma saiwar wasu ƙananan zaruruwa ne suka ɗaure ta da ƙashin muƙamuƙi.

Wanda ya gane waɗannan hawa uku ya gane ciwon haƙori gaba ɗaya, domin kowane hawa da irin alamarsa, da irin aikinsa, da irin kuɗinsa.

Yadda rami ke farawa

Mun taso muna jin cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu turara hayaƙi a baki su nuna wa mutum wasu ƴan fararen abubuwa a kwanon ruwa su ce ga tsutsar ta fito. Babu wata tsutsa a haƙori. Abin da ke faruwa shi ne, a kullum wata farar dauɗa mai yauƙi na taruwa a jikin haƙora, cike da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Duk lokacin da sukari ya shiga baki sai ƙwayoyin nan su ci, su fitar da tsami mai narkar da ɓawon haƙori. Miyau na wanke tsamin nan ya gyara ɓarnar, amma yana bukatar kamar rabin awa ko fiye. Idan kafin ya gama an ƙara zuba wani sukarin, ɓarna ta fi gyara yawa, rami ya fara.

A nan ne zaman kasuwa ke cutar da mu. Shayi zagaye uku da safe, wani da hantsi idan baƙo ya zo, lemon kwalba da rana, alewa ko biskit daga tiren yaro, wani shayin da la'asar. Ba yawan sukarin kaɗai ne abin dubawa ba, har da sau nawa yake shiga baki a wuni. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma idan an tsaya a rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya na iya cinye fiye da rabin wannan kaso.

Muddin ramin na cikin ɓawo, babu ciwo ko kaɗan, sai dai ɗan fari ko baƙin ɗigo. Idan ya kai jikin haƙori sai a fara jin tsami ko ɗan zafi wajen shan ruwan sanyi ko abu mai zaƙi, ya wuce nan take. Idan ya kai ɓargo, shi ne ciwon nan mai zuga da ke hana barci. Bayan ƴan kwanaki ciwon kan lafa, mutum ya ce ƙwaya ta yi aiki, alhali jijiyar ce ta mutu. Daga nan ƙwayoyin cuta su bi saiwa su sauka cikin ƙashi, mugunya ta taru, kunci ya kumbura. Ciwo ke nan ba shi ne farkon cuta ba, labari ne da ya iso a makare.

Ciwon dasashi

Hanya ta biyu ta rasa haƙori ba ta bi ta rami ba. Idan dauɗar nan ta daɗe a gindin haƙora sai ta daskare ta yi tauri kamar siminti, yadda asuwaki ko buroshi ba sa iya fitar da ita. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini idan an goge baki, baki ya yi wari. A wannan mataki ana warkewa sarai. Idan aka bari, cutar ta gangara ta cinye ƙashin da ke riƙe da saiwa, haƙori lafiyayye marar rami ya fara girgiɗa har ya faɗi, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa. Masu ciwon sukari da masu shan taba ko tauna ta sun fi kowa shiga wannan haɗari. Jini a asuwaki ba alamar an goge da kyau ba ne, alamar ciwo ce.

Ayyukan da likita ke yi

Na farko dubawa ne, wani lokaci da hoto, wanda a asibitocinmu ake ce wa radiyo, don a ga saiwa da abin da ke ɓoye tsakanin haƙora.

Na biyu wankin haƙora, abin da masu Faransanci ke kira detartraj. Ana kankare daskararriyar dauɗa da wata ƴar na'ura. Wasu na cewa wankin na sa haƙora girgiɗa ko ya buɗe tsakaninsu. Gaskiyar ita ce cutar ce ta riga ta cinye ƙashi, dauɗar ta rufe ɓarnar, da aka cire ta sai abin ya bayyana.

Na uku ciko, wato pulombaj. Likita na share ruɓaɓɓen wuri ya cike ramin, yawanci a zama ɗaya. Akwai ciko mai launin azurfa da aka daɗe ana yi, wanda ƙasashe ke rage amfani da shi tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 saboda sinadarin makuri da ke cikinsa, akwai kuma fari mai launin haƙori. Har akwai wata dabara da aka fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, inda ake share rami da kayan hannu a cike shi ba tare da lantarki ba. Ciko shi ne aiki mafi sauƙi da araha, amma sai ramin bai kai ɓargo ba.

Na huɗu aikin saiwa, wanda mutane ke cewa kashe jijiya. Idan ɓargo ya kamu, likita na buɗe haƙori ya kwashe shi, ya wanke cikin saiwa, ya toshe. Yakan ɗauki zama ɗaya zuwa uku, kuɗinsa ya ninka na ciko, amma mutum na tsira da haƙorinsa. Masu tafiye-tafiye su kula: wanda ya yi zama na farko ya ji ciwo ya tafi, ya kama hanyar Kano ko Agadas bai koma ba, haƙorin zai sake ruɓewa ko ya tsage. Sau da yawa bayan aikin saiwa ana sa wa turmi hula ta ƙarfe ko ta tangaran don kada ya fashe.

Na biyar cirewa, idan babu sauran dabara. Ana yin allurar kashe wuri, ba a jin zafi sai dai dannawa. Maganar cewa cire haƙorin sama na taɓa ido ba ta da tushe. Kafin a fara, a gaya wa likita idan akwai hawan jini, ciwon sukari, sikila, juna biyu, ko ana shan maganin tsinka jini. Bayan an gama a cije audugar da aka sa na rabin awa, kada a kurkure baki ko a riƙa tofar da miyau a ranar, kada a sha taba, domin gudan jinin da ya toshe gurbin shi ne maganinsa. Washegari a fara kurkura a hankali da ruwan ɗumi da gishiri.

Giɓi ma yana da nasa kuɗin. Haƙoran da ke gefe na karkatowa, na sama ya zazzago, tauna ta koma ɓangare ɗaya. Ana cike shi da haƙoran roba masu cirewa, ko gada da ake ɗorawa kan haƙoran gefe biyu, ko dashe, inda ake kafa ƙusar titaniyom cikin ƙashi, wanda ya fi duka tsada. Shi kuwa haƙorin Makka da alhazanmu ke dawowa da shi, hula ce da ake ɗorawa kan lafiyayyen haƙori, sau da yawa bayan an goge ɓawonsa. Idan ba ta zauna daidai ba abinci na maƙalewa a gindinta, haƙori ya ruɓe a ɓoye ƙarƙashin zinariya. Mai shi ya riƙa kai shi ana dubawa.

Araha ba ta ado

Mun san dalilin da ke kai mutane wurin mai filaya na kasuwa: yana kusa, ba layi, kuɗinsa kaɗan. To amma aiki ɗaya ya iya, cirewa, ko da haƙorin na ciko ne. Ba ya ganin saiwa, idan ta karye sai ya bar guntun a ciki. Mafi muni, filayar da ta fito daga bakin wani ta shiga naka ba tare da an dafa ta a tukunyar asibiti ba tana iya ɗauko ciwon hanta nau'in B ko C, har da ƙanjamau. Ɗauraya da ruwan roba ko shafa alkol ba su wadatar ba.

Haka ƙwayoyin tebur. Parasitamol na rage zafi kafin a isa asibiti, amma ba ya toshe rami. Kafso irin su amoksisilin da ake sha biyu yau uku gobe na kwantar da kumburi na ɗan lokaci, sannan ya dawo, ƙwayoyin cutar kuma su saba da maganin. Tramol kuwa ya jefa mutane da yawa cikin shaye-shaye ta ƙofar ciwo. Ɗora asfirin a kan dasashi, ko ɗiga ruwan batir ko fetur a rami, ƙona nama kawai suke yi.

Alamun da ba a kwana da su

Idan kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau wajen ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, ga zazzaɓi, to a rufe rumfa a nufi babban asibiti a wannan sa'a. Mugunyar haƙori na iya toshe maƙogwaro ko ta shiga jini, kuma tana kisa. Kazalika gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, musamman ga mai tauna taba, a kai shi a duba.

Idan aka faɗi a kabu-kabu haƙorin girma ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kai ba ta saiwa ba, a ɗauraye shi kaɗan kada a kankare, a mayar da shi gurbinsa ko a tsoma shi cikin madara, a ga likita cikin awa ɗaya. Sau da yawa yakan kama. Haƙorin nono kuwa ba a mayar da shi.

Ga yara ƴan shekara 2 zuwa 6 akwai cutar noma, wadda ba ruwanta da aikin gona. Takan fara da gyambon dasashi da warin baki ga yaro mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, cikin ƴan kwanaki ta huda kunci. Idan aka kai yaro da wuri magani na tsayar da ita. Akwai asibitin yara masu wannan cuta a Sakkwato tun 1999, akwai kuma cibiyar kula da su a Damagaram, sannan a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Rigakafi ya fi magani

A goge baki sau biyu a rana, musamman kafin barci, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. A tofar, kada a kurkure da ruwa nan take. Ga ƙaramin yaro ɗan kaɗan ya isa, kamar ƙwayar shinkafa, idan ya wuce shekara 3 kamar ƙwayar wake, kuma babba ya tsaya a kansa don kada ya haɗiye. Mun san sunan wannan sinadari na tayar da hankali a jihar Maraɗi, domin mutanen Tibiri ba su manta da yaran da ruwan famfo mai yawan fuloraid ya ɓata wa haƙora ya tanƙwara wa ƙasusuwa ba, tsakanin shekarun 1980 zuwa wajen 2000. Wancan ruwa ne da aka sha shekara da shekaru, wanda ya ninka ma'aunin miligiram 1.5 a lita da aka yarda da shi. Ɗan abin da ke cikin man goge baki, da ake tofarwa, kariya ne.

Asuwaki na da amfani ƙwarai idan an bi kowane haƙori ciki da waje har turamen ƙurya, ba a tsaya tauna shi a gefen baki ana ciniki ba. A haɗa shi da man goge baki ya fi. A rage zagayen shayi ko a rage sukarinsa, a bi shi da ruwa. A daina buɗe kwalba da tsinka igiyar buhu da haƙori. Masu sayar da alewa da lemo kuma su tuna ƴaƴansu ne suka fi kusa da kwalin.

A ƙarshe, duk wanda harka ta kai shi Maraɗi, Damagaram, Yamai, Katsina, Sakkwato ko Kano, ya ware safiya ɗaya a shekara ya leƙa sashen haƙori na babban asibiti ko da ba ya jin ciwo. Idan ya zauna gaban likita ya yi tambaya huɗu: wane haƙori ne, ramin ya kai wane hawa, ana iya ceto shi ko sai cirewa, kuma zama nawa aikin zai ci? Ɗan kasuwa ba ya barin ɓera ya huda buhu ya ce sai hatsi ya ƙare zai ɗinke. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.